Shida Sun Koma Biyu

Akwatin yana ƙarƙashin teburin falo,
tsakanin inbata da takalman yara.
Shekara tara yana gurnani a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi,
faifai shida a cikinsa, ƙanana,
kowanne da shekarar da na samu sararin sayensa:
na farko da kuɗin hoton wata walima,
na uku ranar da na rabu da babur,
na biyar kyauta ne, mai shi ya koma Kaduna.

Kowa a gidan nan daga cikinsa yake ɗiba.
Zinatu da awon kafaɗun mata ɗari biyu,
Mubashshir da takardun jami'a,
ni da fuskokin waɗanda suka biya rabi suka ɓace.

Ran Talata ya ce ya cika.
Jar fitila tana ƙifta mini ido, kamar mai bin bashi.

Na tafi titin Beirut.
Tasi'u ya ɗora biyu a kan gilashi, ya ce,
"Kowanne terabayit goma sha shida.
Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya zama inuwarsa.
Shan wuta zai ragu, zafi ma haka."
Na ɗaga ɗaya a tafin hannu,
bai kai nauyin mudun gero ba.
Na ce, duk rayuwarmu a nan?
Ya ce, "Har da ta jikokinka."
Kuɗin, kar ka tambaya.
Zinatu ma ba ta tambaya ba,
ta dai dube ni, ta ci gaba da yankan atamfa.

Bayan isha'i na jona su ta gefe, kwasa ta fara.
Kashi ɗaya. Kashi biyu.
Sannu ba ta hana zuwa.
Daren farko Nepa ta yi mana kara.
Dare na biyu, a kashi saba'in da ɗaya,
faifai na huɗu ya soma ƙas, ƙas, ƙas,
kamar ƙadangare a cikin silin.

Na san wanda ke ciki.
Baffa ne, a shagonsa na Kwari,
yana auna yadi daga hanci zuwa yatsa,
yana cewa in kawar masa da abin nan daga fuska.
Minti huɗu da daƙiƙa goma.
Ba ya wayar kowa. Ba ya ko'ina.

Sai aka ɗauke wuta.

Inbata ta yi tsuwa sau ɗaya.
Na kashe fanka, na kashe firji,
na zare cajin kowa ba sallama,
na zauna a ƙasa, zufa na bin bayana,
ina yi wa akwati fifita da murfin tukunya.
Saba'in da biyu.
Ƙas.
Saba'in da biyu.
Na ce, Baffa, taka a hankali, gadar siririya ce.

Assalatu ta same ni a tamanin da huɗu.
Na buɗe da yatsa mai rawa.
Ga shi, ya ɗaga shadda, ya kai ta hanci,
ya harare ni, ya yi dariya.
Ya haye.

Yanzu ramuka huɗu fayau a cikin akwatin,
iska na shiga tana fita.
Batir yana kai mu asuba.
Tasi'u ya ce in kawo tsofaffin ya goge ya saya.
Na ce masa sai na zo.
Suna cikin gwangwanin madara a saman kwaba,
kowanne a naɗe da ƙyallen Zinatu,
na huɗu da shuɗi.

Jiya da dare ta juyo ta ce,
"Falon nan ya yi shiru,
kamar an yi baƙi sun tafi."
Na tashi na je na kara kunne.
Biyun suna numfashi,
ƙasa-ƙasa, tare.